AN ƊORA WA MATACCE JININ MUTUM 1,863

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, 'yan tireda da 'yan koli da masu kasa kaya a bakin hanya, a wannan mako za mu kai ku ƙasar Senegal, can yamma a bakin teku, mu ba ku labarin wani jirgin ruwa da binciken da Gwamnati ta yi a kansa. Sunan jirgin Joola. Ya kife ran Alhamis da dare, 26 ga watan Satumba, 2002, ya hallaka mutum 1,863 bisa ƙidayar Gwamnati da kanta. Mutum 64 kaɗai suka tsira, kuma mace ɗaya tak a cikinsu. Jirgin nan na Turawa, Titanic, wanda aka sha ba mu labarinsa a makaranta har muka haddace, da ya nutse a 1912 mutum wajen 1,500 ya ci. Na Senegal ya fi shi ɓarna, amma da ya ke akasarin fasinjojinsa mata ne masu kwanduna, da 'yan makaranta masu komawa bayan hutu, kaɗan ne a cikinku suka taɓa jin sunansa. Yau shekara 20 da ɗoriya ke nan, kuma har ran da mu ke wannan rubutu ba a tsai da ko mutum ɗaya gaban alƙali a Senegal ba saboda wannan al'amari.

Ga yadda ƙasar ta ke, don ku gane abin da ya tilasta wa mutane shiga jirgin. Turawan mulki, Ingila da Faransa, da suka yi rabonsu, sun tsaga Senegal da wata siririyar ƙasa, watau Gambiya. Dakar, babban birni, tana arewa. Lardin Kasamans yana kudu, a bayan Gambiya, kuma nan ne ƙasar albarka, mai ruwa da shinkafa da manja da mangwaro da busasshen kifi. Mai son kai kayansa Dakar ta mota sai ya ratsa ƙasar wasu, ya sha tambayar 'yan kwastan shiga da fita, ya yi ta zaman jiran fito a Kogin Gambiya, domin ba a buɗe gada a wurin ba sai a 2019. Ban da wannan, tun 1982 a ke tawaye a Kasamans, 'yan bindiga suna tare hanya. Saboda haka jirgin ruwa shi ne hanyar talaka. Sau biyu a mako ya kan taso daga Ziginshor, babban garin lardin, ya kwana a teku, ya wayi gari a Dakar. Matan da a ke kira bana-bana a can, watau 'yan saye-da-sayarwa irinku, da shi su ke ci da 'ya'yansu.

Jirgin na Gwamnati ne. A Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a 1990, aka ƙayyade masa fasinja 536 da ma'aikata 44, jimla 580. Da tawaye ya yi zafi, a tsakiyar shekarun 1990 sai aka danƙa tuƙinsa a hannun sojan ruwa. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk maganar a kansa ta ke. Ba wani attajiri mai haɗama da za a ce ya cika jirginsa don riba. Mai jirgi Gwamnati, mai sai da tikiti Gwamnati, mai tuƙi sojan Gwamnati, mai duba lafiyar jirgi Gwamnati, mai ceto in an yi hatsari Gwamnati.

Jirgin ya yi kusan shekara guda a kwance ana gyara. Cikin watan Satumba na 2002 aka komo da shi aiki, sa'an nan mutane sun gaji da jira, kaya sun taru, ga makarantu za su buɗe. Ran da abin zai faru ya taso daga Ziginshor da rana maƙil da mutane, har ya karkace. Da ya iso tsibirin Karaban, inda babu ko matsaya ta kirki, sai aka yi ta kawo waɗansu fasinjoji da kaya cikin kwale-kwale ana ƙara masa. Wajen ƙarfe 10 na dare ya yi magana da Dakar ta wayar iska, ya ce lafiya lau. Wajen ƙarfe 11, yana daura da gaɓar Gambiya, hadari ya taso da iska da ruwa. Ɗaruruwan mutanen da ke kwance a benen sama, a fili, domin ba wuri a ciki, suka ruga gefe guda suna neman mafaka. Kayan da ke ƙasa, da ya ke ba a ɗaure su ba, suka zame suka bi su. Ruwa ya shiga ta tagogi. Cikin minti biyar, ko ƙasa da haka, jirgin ya juye, cikinsa ya koma sama.

To, a nan ne za mu roƙe ku ku natsu. Jirgin bai nutse nan take ba. Ya kwana yana yawo a kife a kan ruwa, ya wayi gari, har wajen ƙarfe 3 na yamma washegari kafin ya tafi ƙasa. A duk wannan lokaci akwai mutane da rai a cikinsa. Waɗanda suka samu suka haye bayansa sun ba da labarin yadda su ke jin kururuwa da bugun ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wa ya zo? Masunta ne suka zo da safe, da kwale-kwalensu da jiragen kamun kifi, suka tsamo waɗanda suka iya tsamowa. Jirgin da a ke sa ran isowarsa Dakar da sassafe bai iso ba, mata na tsaye a tasha suna jiran kayansu da 'yan'uwansu, amma masu ceto na Gwamnati ba su kai wurin ba sai da rana ta yi nisa. Wajen awa 16 ƙarfen nan yana kan ruwa da bayin Allah a ciki. Haba jama'a!

Mu akawuna ne, aikinmu rajista da lissafi, saboda haka abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne ƙidaya. Da fari hukuma ta ce mutum 796 ne a jirgin. Bayan 'yan kwanaki ta ce 1,034. Sai a farkon 2003, bayan da iyalai suka yi ta kawo sunayen waɗanda ba su komo gida ba, aka amsa cewa matattu 1,863 ne, ƙungiyoyin iyalan kuwa suna cewa sun kai 2,000 ko fiye. Ku haɗa 1,863 da 64, ku raba da 580, za ku ga an ɗora wa jirgin nan ninki uku da ɗoriya na abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Ƙananan yara ba a yankar musu tikiti, soja da iyalansu su kan shiga kyauta, wanda ya san wani kuma ya san yadda zai yi. Ko ɗan kamasho a tashar mota ya san yawan kawunan da ya zuba a lori. Amma Gwamnati guda, da ministoci da hafsoshi, ta yi wata huɗu ba ta san mutum nawa ta kwasa ba.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye abin da aka yi daidai ba. Shugaba Abdoulaye Wade ya fito ya amsa cewa alhakin yana wuyan Gwamnati. Ministan Sufuri, Youssouph Sakho, da Ministan Soja, Youba Sambou, suka ajiye aiki a farkon Oktoba. A watan Nuwamba aka sallami Firayim Minista, Mame Madior Boye, da majalisarta. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Seydou Madani Sy, kuma kwamitin bai yi nawa ba, cikin watan Nuwamban nan ya miƙa rahotonsa.

Rahoton kuwa bai yi ƙarya ba, kuma wannan shi ya fi ba mu haushi. Da ƙarya ya shara, da sai mu ce an rufe idon mahukunta. Bincike ya nuna an yi lodi fiye da kima. Ya nuna ba a cika tankunan ruwa da ke ƙasan jirgi yadda ya kamata ba, su ne kuwa ke ba shi nauyi daga gindi don kada ya tuntsure, kamar dai yadda ku ke sa buhunan hatsi a ƙasan amalanke, ku ɗora marasa nauyi a bisa. Ya nuna ba a yi lissafin daidaiton jirgi ba kafin a tashi. Kwale-kwalen ceto na roba, waɗanda aka yi su don su ɓalle su buɗe da kansu in jirgi ya kife, an ɗaure su tamau. Ba a aika kiran neman agaji ba. Takardun izinin da doka ta ce kowane jirgin fasinja ya riƙe, na Joola sun daɗe da mutuwa. Ceto kuma ya makara. Duk wannan yana rubuce, da hatimin Gwamnati, tun ba a yi wata biyu da hatsarin ba.

Sai me? Cikin watan Agusta, 2003, Babban Lauyan Gwamnati mai gabatar da ƙara ya tara 'yan jarida ya ce an rufe fayil. Mai laifi ɗaya ne, in ji shi, watau kyaftin ɗin jirgin, Issa Diarra. Kyaftin kuwa ya mutu tare da fasinjojinsa. Matacce ba a kai shi kotu, saboda haka shari'a ta faɗi. Shi ke nan. An zagaya, an zagaya, an duba ofisoshi duka na Dakar, daga na mai sai da tikiti har na Minista, ba a sami mai laifi ba sai mutum guda da ke kwance a ƙarƙashin teku, wanda ba shi da bakin da zai ce wane ne ya umurce ni.

Ba mu wanke kyaftin ba. Shi ke da iko ya ce ba zan tashi ba, bai ce ba, kuma wannan nauyi ne babba. Amma muna da tambayoyi, mai amsa ya amsa. Kyaftin ne ke sabunta wa jirgi takardun izini, ko kuwa ofishin kula da jiragen ruwa da ke ƙarƙashin Ministan Sufuri? Kyaftin ne ya yanke shawarar a komo da jirgi aiki ba takardu? Shi ne ya bar lardi guda da jirgi ɗaya tilo, har in ya lalace mutane su yi shekara suna jira? Da jirgin ya kife ƙarfe 11 na dare, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya, shi ne ya hana jiragen soja su taso daga Dakar har rana ta take? Ko da za a yarda duk abin da ya faru kafin ƙarfe 11 laifinsa ne, to, awa 16 da suka biyo baya fa, na wa ne? Waɗanda suka mutu da hantsi a cikin ƙarfen nan suna bugu, jininsu ba ya wuyan matacce.

An ce ai an hukunta waɗansu. I, an tuɓe waɗansu hafsoshi daga muƙamansu, har da Babban Hafsan Hafsoshi, Janar Babacar Gaye, a wannan wata na Agusta. Ba a yi shekara biyu ba, a 2005, aka naɗa shi kwamandan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Kongo. Ba mu ce shi ya kifar da jirgi ba, kotu ce kaɗai za ta iya faɗin rabon kowa, kotun kuwa ita aka hana zama. Abin da mu ke cewa shi ne, sauya wa babban mutum kujera ba hukunci ba ne. A kasuwarku, in aka kama yaro da mudun gero na sata, a ranar zai ga alƙali.

Akwai kuma maganganu biyu da aka yi ta watsawa don a sanyaya zukata, mun san su sarai domin ba a Senegal kaɗai a ke yin su ba. Ta fari, wai ƙaddara ce, hadari ne ya taso. Mun yi imani da ƙaddara, ba wanda zai wuce ranarsa. Amma malamai sun sani, wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, wani ya faɗa ciki, ba a karɓar ƙaddara daga bakinsa, biya zai yi. Iskar daren nan ta kaɗa a kan kwale-kwalen masunta na katako, ga shi da gari ya waye su ne suka zo ceto. Iska ba ta ɗaure kwale-kwalen ceto, ba ta kuma sai da tikiti.

Ta biyu ta fi ta farin ciwo. Shugaba Wade, a jawabinsa ga ƙasa, ya kira jama'a kowa ya binciki kansa, ya yi magana a kan halin sakaci da cunkoso a motocin haya. Watau laifin na kowa ne. To, abin da aka ce na kowa ne, ba wanda za a kama a kai. Ku da ku ke hawa bayan lori a kan buhuna, ku faɗa mana, don marmari ku ke yi? Macen da manjanta da kifinta ke jira, ga bashin mai kaya, ga kuɗin makarantar yara, ga hanya da 'yan bindiga, jirgi ɗaya ne kuma sai bayan kwanaki zai komo, in ta ga soja a bakin ƙofa ya ce shigo, me za ta yi? Ita ce za ta sauka ƙasan jirgi ta leƙa tanki? Talaka ba shi da abin da zai auna jirgi da shi, sai amana da ya ba hukuma. Don haka ya ke biyan haraji.

Iyalan Faransawa 18 da suka mutu a jirgin, da suka ga an rufe ƙofa a Dakar, sai suka kai ƙara ƙasarsu. Cikin watan Satumba, 2008, wani alƙalin bincike a garin Evry ya ba da warantin kama manyan Senegal 9, har da tsohuwar Firayim Minista da ministocin nan biyu da Janar. Kai, ku zo ku ga zafin nama! Gwamnatin da ta yi awa 16 ba ta isa wurin jirgi ba, cikin 'yan kwanaki ta tara lauyoyi, ta kuma mai da martani da nata warantin a kan shi alƙalin. Mu ba masu son Bature ya zauna yana yi wa ministan Afirka shari'a ba ne, mun san abin da kakanninmu suka gani a hannunsu. Amma wa ya kai maganar can? Wanda ya kulle kotun gida, shi ya nuna wa maraya hanyar kotun waje. Daga ƙarshe ita ma Faransa ta janye. A 2010 aka tabbatar da soke warantin mutum biyu, a 2014 alƙalai suka kori ƙarar, a 2018 babbar kotunsu ta tabbatar. Dalilinsu kuwa rigar kariya, wai aikin jirgin aikin ƙasa mai mulkin kanta ne, kotun wata ƙasa ba ta da iko a kai. Ku lura da kyau. A Dakar an ce laifin na mutum ɗaya ne, Gwamnati ba ruwanta da shari'a. A Faris an ce aikin na Gwamnati ne, saboda haka ba a taɓa mutanenta. Ta kowace ƙofa ka shiga, babban mutum ya fita ta ɗayar.

Masu kare Gwamnati za su ce, to, ba a gyara ba? An gyara, ba mu musa ba. An ba da diyyar sefa miliyan 10 a kan kowane mamaci, ko da ya ke waɗansu iyalai sun ƙi karɓa. A 2005 aka kawo wani jirgi, Wilis, a 2008 aka kawo sabo mai suna Aline Sitoé Diatta, a 2015 aka ƙara biyu, Aguène da Diambogne. An karɓe tuƙi daga hannun soja an ba kamfani. Yanzu ba ka shiga sai da tikiti mai sunanka da katin shaida, in jirgi ya cika kuwa a rufe ƙofa. A 2006 an kafa hukuma ta musamman mai haɗa kan aikin tsaro da ceto a teku, an kuma gina matsaya a Karaban. Madalla. Amma wannan duka shaida ce a kan su, domin ya nuna ba abin da ya gagara. Ƙirga fasinja a bakin ƙofa ba ya bukatar ilmin Jamus. An san yadda a ke yi tun 1990, aka ƙi, sai da mutum 1,863 suka biya da rayukansu. Kuma gyaran da ba hukunci a bayansa, wa zai tsare shi in waɗanda suka ga gawawwakin nan da idonsu sun tsufa sun bar aiki? Sabon akawun da zai zauna a ofishin izini, in ya buɗe tsohon fayil, abin da zai koya shi ne wanda ya gabace shi ya bar jirgi ya tashi ba takarda, ya kuma ci fanshonsa lafiya.

A nan dole mu yi wa kanmu magana, mu 'yan hamayya. Abdoulaye Wade ɗan hamayya ne na gaske, ya yi shekara 26 yana fama, ya sha ɗauri, kafin ya ci zaɓe a 2000 da kirarin Sopi, watau canji da harshen Wolof. Ruɓewar jirgin ta faro tun zamanin waɗanda ya kayar, wannan gaskiya ne. Amma a hannunsa jirgin ya kife, a hannunsa kuma aka rufe fayil. Macky Sall ya kayar da shi a 2012, ya yi shekara 12, fayil na rufe. Saboda haka in kun ji mu muna zagin masu mulki, ku rubuta abin da muka faɗa ku ajiye, ran da kuka ɗora mu ku fito da takardar.

Ga misali daga wata ƙasa don kada a ce abin da mu ke nema ba a taɓa yi ba. A 2014 jirgin Sewol ya nutse a Koriya ta Kudu, mutum 304 suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta. Kyaftin ya sami ɗaurin rai da rai, shugaban kamfanin ya tafi kurkuku, har wani jami'in masu tsaron gaɓa an ɗaure shi saboda sakaci wajen ceto. A 2017 aka ɗago jirgin daga zurfin da ya wuce mita 40. Iyalan can ma ba su gamsu ba, amma dai an zauna a kotu, an kira sunaye, an yi rantsuwa.

Joola kuwa yana nan kwance inda ya faɗi, a zurfin kamar mita 20, watau gaba goma da ɗoriya. Gawawwakin da aka samu ba su kai sulusin matattu ba, aka binne su a Mbao kusa da Dakar, da Kantene da Kabadio a Kasamans, da Basori a Gambiya, da yawa ba suna a kan kabarinsu. Sauran, fiye da mutum 1,000, suna cikin ruwa. A watan Janairu, 2024, aka buɗe gidan tunawa da su a bakin kogi a Ziginshor, gini mai kyau, manya suka zo suka yi jawabi. Iyalan sun karɓa, amma kowace shekara ran 26 ga Satumba su kan taru a maƙabartun nan su maimaita bukatu biyu da suka fara nema tun 2002: a ɗago jirgin su binne ƙasusuwan 'yan'uwansu, a kuma buɗe fayil ɗin da aka rufe a watan Agusta, 2003, a kira waɗanda ke raye cikin masu sa hannu su zo su yi bayani gaban alƙali. Muna tare da su a kan duka biyun.